Hutun da Na Ƙi Cire Rigar Makaranta

Makon jiya aka ba jikokina dogon hutu, su uku, 'ya'yan ɗana da nake zaune a gidansa a nan Kalgo. Kabu-kabu ya sauke su da azahar, suka shigo da gudu suka watsar da jakunkuna a tsakar gida. Ba a yi kwana biyu ba gidan ya ishe su. Babbar ta tashi da sassafe yadda ta saba, ta yi wanka, ta tsaya bakin ƙofa ba ta san abin da za ta yi da kanta ba. Ƙananan suka yini suna faɗa a kan wayar uwarsu, in caji ya ƙare su bi ta har madafa suna ce mata sun gaji. Da la'asar uwar tasu ta zo ta zauna a gefen tabarmata.

"Mama, ku da kuka yi shekaru kuna koyarwa, ya zan yi da yaran ga har wata biyu? Akwai wani malami bayan kasuwa yana lesin, ina son su fara Litinin."

Na ce, "Ki ɗan bar su mako guda tukuna. Makaranta ba ta sauka daga jikinsu ba."

"To a makon su yi mi?"

Na dubi tsakar gidan. Duk abin da ke cinye mana hutu a da ya tafi. Rijiyar unguwa an rufe ta, 'yan kura ke kawo ruwa. Turmi yana kife bayan ɗaki, inji ke niƙa. Filin da na tarar ana shuka gero lokacin da aka kawo ni aiki garin nan, yanzu gidaje ne da katanga mai kwalabe a bisa. Ba laifin uwar yaran ba ne, ita ma da safe take fita aiki. Litinin na yi suka sake goya jakunkuna. Ina zaune ina kallon bayansu har suka sha kwana, kuma tun ranar wani hutu nawa yake ta dawo mini.

A Malisa aka haife ni. Da na isa shiga firamare sai aka kai ni Gwandu gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, can nake zama sai an yi hutu in koma gida. Dogon hutu kuwa tsakiyar damina yake faɗowa. Da hantsi za a haɗa ni da masu komawa ƙauye, mu bi hanya tsakanin gonaki, gero ya kai ƙugu, ƙasa ta yi laushi, kwaɗi na ta kuka a kududdufai ko da rana tsaka. Tun daga wata tsohuwar kuka da ke bakin gari nake fara kasa kunne. A lokacin nan kowane gida da amon turminsa, kuma na Inna ba ya ɓace mini. Takan buga sau uku, ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe. In na ji wannan tafin sai in bar abokan tafiya in ruga.

In na shiga ba za ta rungume ni ba. Ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai na rayu cikin waɗanda ta haifa, amma kunya ba ta barin ta ko ta kira sunana. Daga ita har Baba "ke" suke ce mini, ko "yarinyar ga". Za ta ɗaga kai ta dube ni sau ɗaya daga sama har ƙasa, ta ci gaba da dakanta. Sai can an jima in tarar da ƙwarya a rufe da faifai a ƙofar ɗakin Gwaggo, fura ce da ta fi ta kowa nono, ba wanda zai ce ga wanda ya ajiye.

Gwaggo yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, amma ban ga wanda ya fi ta sanin yadda ake karɓar yaron da ya dawo hutu ba. Kwana ukun farko ba ta yarda a aike ni. Takan ce, "Ku bar ta. Ta zo da ƙarfe cikin kunne, sai ya fita." Tana nufin guntun ƙarfen da ake ratayewa a bishiya ana bugawa a makaranta. Gaskiyarta kuwa, kwanakin nan sai in riƙa zabura ina jin kamar na makara. In yi barci, in tashi, in bi kaji, in zauna in kalli yadda ake sussuka. Rana ta huɗu za ta miƙo mini ƙaramin tulu mu tafi rijiya. Washegari ta ƙara da shara. Kafin mako biyu ina surfe, ina tsinko rama da yakuwa a bayan gida, ina bin 'yan mata fadama yankan ciyawar awaki, tafin hannuna ya dawo irin na kowa. Ba ta taɓa jibga mini aiki rana ɗaya ba, kuma ba ta taɓa barina ba abin yi.

Shekarar da nake son faɗa, ina aji biyar. A ƙaramin hutun da ya gabata na bar Inna da tsohon ciki. Muka yi jarrabawa, na zo ta biyu, na naɗe takardar sakamako a gefen ɗankwali. Ranar tafiya Kawu ya ce shi da kansa zai kai ni a kan kekensa, abin da bai taɓa yi ba. Na yi ta murna. Ina bayansa ina ta zuba, ina tambayar ko Inna ta haihu, mace ko namiji. Ya ce in riƙe da kyau hanya akwai santsi. Da muka zo wajen kuka na kasa kunne. Akwai daka daga wajen gidanmu, amma mai nauyi ne, a hankali, ba tafi. A zaure na ga tabarmi a naɗe an jingina su a bango, sun fi ƙarfin namu.

Gwaggo ce ke dakan. Ta ajiye taɓarya, ta goge hannu a zane, ta kama ni ta shigar da ni ɗakinta ta zaunar a bakin gado.

"Ɗiyata, sai haƙuri. Innarki ta riga mu gidan gaskiya, ita da abin da ke cikinta."

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Yau kwana goma sha biyu."

Ina zaune na riƙa komawa baya da kwanakin. Na tuna safiyar da Kawu da matarsa suka fita tun duku-duku aka ce sun tafi suna, suka dawo idon matar ya kumbura ta ce hayaƙi ne. Na tuna maƙwabciyarmu da ta ba ni ƙosai ba dalili tana shafa kaina. Kowa ya sani. An yi uku, an yi bakwai, an naɗe tabarmi, ni ina can ina haddar sunayen koguna.

"Don mi ba a gaya mini ba?"

"Babanki ya ce a bari ki gama jarrabawa."

Ban yi kuka ba. Washegari na tashi na yi wanka, na ɗauko rigar makaranta, shuɗiya mai farin wuya, na saka, na ɗauki littattafaina na zauna gindin dalbejiyar tsakar gida. Haka na yi jibi, haka gata. Nakan buɗe littafi in yi ta sake lissafin da muka riga muka yi. A ganina in dai ina cikin rigar nan, to ban dawo ba tukuna, abin da ya faru a gidan bai same ni ba. Matan da ke shigowa gaisuwa suna dubana suna taɓe baki. Na ji wata tana ce wa Gwaggo boko ya busar mini da zuciya, a karɓe littattafan a ba ni tsintsiya. Gwaggo ta ce mata, "Ke kika san inda ke mata ciwo?" Ba ta sake tada maganar ba.

Baba kuwa na daina yi masa magana. In ya dawo gona da la'asar zan durƙusa yadda aka koya mini, amma bakina a rufe. Sau ɗaya ya tsaya ya ce, "An ba ku takarda?" Na dubi ƙasa. Gwaggo ta ɗauko ta miƙa masa. Ajami kawai ya iya, a kullum ni ke karanta masa. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya dube ni, sannan ya ninke ya sa a aljihu ya wuce zaure.

Da kwana ukun Gwaggo suka cika, ban ga tulu ba. Sai ta jawo kujerarta kusa da ni tana tsince wake.

"Wai can makarantar taku, in kun isa da safe mi kuke farawa da shi?"

"Shara."

"Ashe. Mu ma nan da ita muke farawa. Daga nan fa?"

"Sai mu shiga aji, har a buga tara."

"In an buga tara ku yi mi?"

"Mu fita mu ci abin da muka zo da shi."

Washegari na tarar da tsintsiya a jingine a jikin dalbejiya. Na share, da rigata a jikina, na zauna kan littafi. Hantsi na yi sai na ji ƙarar ƙarfe. Gwaggo ce tsaye da tsohon ruwan galma tana bugawa da dutse, fuskarta ba alamar wasa. Ta ce, "An buga tara. Taho ki sha koko." Na tashi na je. Daga ranar haka muka riƙa yi. Ta bar mini safiya ina karatu, bayan tara ta ce ai ta ji a makaranta ma ana ɗebo ruwa, mu tafi rijiya. Kullum lokacin littafi na raguwa kaɗan, na gida na ƙaruwa, ban lura ba. Sai da na girma na yi karatun koyarwa na gane abin da tsohuwar nan ta yi. Ba ta fizgo ni daga inda na ɓuya ba, ta shigo ta same ni a can, muka fito tare.

Rigar ce ta rage. Ta yi dauɗa har farin wuyan ya koma ruwan ƙasa. Wata Asabar Gwaggo ta ce ko a makaranta ba a yarda da ƙazanta, in cire ta wanke mini, kafin azahar ta bushe. Lokacin marka ne, tana shanyawa aka soma yayyafi, ya yini bai ɗauke ba. Ina tsugune a ɗaki daga ni sai ɗan kamfai ina rawar sanyi. Ta buɗe adudu ta ɗauko wani zane baƙi mai ratsin fari, ta ninka shi biyu ta ɗaura mini har ƙirji. Zanen dakan Inna ne. Ba a wanke shi ba. Yana ƙanshin hayaƙin kara da man kaɗe da ɗan tsamin gero. A nan kukan ya zo. Na yi shi har muryata ta dishe, Gwaggo na riƙe da ni ba ta ce in yi shiru ba, ita ma nata na zuba a kan kaina.

Bayan wannan na shiga aikin gida sosai, amma tsakanina da Baba ba abin da ya canja. Ina ganin yana ramewa. Tuwon da ake kai masa yakan dawo an taɓa gefe ɗaya. Ban ji tausayinsa ba, in faɗi gaskiya. Na riƙa cewa a raina shi ya gan ta, shi ya raka ta, ni ya hana ni saboda wata takarda.

A mako na huɗu Gwaggo ta ce gwiwarta ta riƙe, ni zan riƙa kai masa fura gona. Nakan je in ajiye ƙwarya a bakin kunya in juyo. Ya ce sannu, ban amsa ba. Rana ta uku ina isa hadari ya taso daga gabas, iska ta kwantar da gero, kafin in juya ruwa ya sauko. Akwai wata 'yar bukkar kara a tsakiyar gonar, dole muka shiga tare. Ƙarama ce, gwiwarsa na kusa da tawa. Ya cire malafa ya ajiye. Ruwa na ɗiga ta wani gefe yana taruwa kusa da ƙafata. Bai dube ni ba da ya fara, waje yake kallo.

"Na san abin da kike riƙe da ni a kai. Ba jarrabawa ta hana ba. Ita na gaya ma mutane don su bar ni."

Na ɗago na dube shi, ya ci gaba.

"Na tahi Gwandu. Washegarin da aka kai ta, da ƙafa, ban gaya ma kowa ba. Na iso kun fito tara. Na tsaya bayan shingen makaranta na gan ki kuna gaɗa, kin faɗa baya sun cafe ki kina ta dariya. Na ce bari a gama wasa. Aka buga ƙarfe kuka shiga. Na ce bari a tashi. Kafin a tashi na ga kaina bisa hanyar gida." Ya share ruwan da ke fuskarsa da tafin hannu. "Ranar uku na koma. Abin da na yi da farko shi na sake yi. Ban iya ba, iyakar gaskiyar ke nan. Hakkinki ne ki sani, ni na tauye shi."

Tunda aka haife ni bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na dubi ƙafafunsa, duk faso, laka ta cika su. Na tuna nisan hanyar, zuwa da dawowa, sau biyu. Akwai abin da ya kamata in ce, amma ina da shekara goma sha ɗaya, ban san yadda ake faɗinsa ba. Na tura ƙwaryar gabansa na buɗe faifan.

"Baba, sha furarka kada ta tsinke."

Ya ɗauki ludayi. Ya shanye ta tas. Da ruwa ya ɗauke ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar nan, ta yi laushi don ninki da zufa. Na karanta masa darasi bayan darasi. Da na zo wurin da aka rubuta na biyu, ya ce, "Madalla," ya mayar da ita aljihu ya ɗauki fartanya.

Sauran hutun ya wuce kamar kowane hutu, sai dai gidan ya yi faɗi. Gero ya fitar da kai, muka gasa tumu, na koyi tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya. Gwaggo ta jefar da ruwan galmar nan bayan rumbu don ba a bukatarsa. Rigar makaranta tana cikin adudu a ninke har ranar komawa.

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa, mafi yawansu a nan Kalgo. Ranar ba da hutu, in yara sun kwasa da gudu suna ihu, ni nakan tsaya bakin aji in duba wanda bai ruga ba. Kullum akwai shi. Wata za ta ce bari ta goge allo, wani ya yi ta ɗaure igiyar takalmi. In ka bincika za ka tarar an rabu a gidan, ko an yi rashi, ko kuma ba mai zama da shi. Makaranta ce ke riƙe masa yini, yanzu an sake shi. Nakan bi irin waɗannan har gida in zauna da wanda na tarar, in roƙe su kada su yi masa faɗa in ya ƙi sakewa, su ba shi ɗan abin yi a kan lokaci, su zauna kusa. A da in na je nakan tarar da wata tsohuwa a tsakar gida da za ta gane abin da nake nufi tun ban gama ba. A shekarun ƙarshe sai in tarar da ƙofa a kulle, yaro na ciki da talabijin.

Ni da Baba ba mu sake tada maganar bukka ba. Ya aurar da ni, ya ga 'ya'yana, in na je gida mu gaisa ya tambayi aiki da ruwan sama. Sau da yawa nakan yi niyyar in ce masa na daɗe da ganewa, sai kunya ta hana, in ce sai wani zuwan.

Wata Laraba ina koyar da 'yan aji huɗu, ina rubutu a allo, na ji hayaniya a waje. Wani mutumin Malisa ne, maƙwabcinmu, ya zo a kan babur laka har gwiwa. Hedimasta na riƙe da hannunsa yana cewa ya jira a tashi, saura darasi ɗaya. Mutumin ya zame hannunsa ya tako har ƙofar aji ya cire hula.

"Malama, sai haƙuri. Baba ya cika yau da hantsi. Ya daɗe da bar mana wasiyya, ya ce duk ranar da ta zo, ko kina tsakiyar karatu a shigo a gaya miki. Ya ce kuma kada a ɗauke shi sai kin iso."

Na ajiye alli a kan tebur na bi shi. Muka isa kafin la'asar. Maza sun cika ƙofar gida suna zaune suna jira, ba wanda ya nuna gajiya. An yi masa wanka an sa shi a likkafani, an bar fuskar a buɗe. Aka fita aka bar ni da shi. Na durƙusa kusa da kansa na yi masa addu'a, sannan na ce, "Baba, na yafe. Tun ranar nan a gona na yafe." Na ɗan zauna. Da na fito na ce musu suna iya ɗauka.